Daren da Libreville Ta Kasa Kunne Ba Ta Ji Komai Ba

A bayan garin Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, a wani wuri da ake kira Nkoltang, akwai wata tasha wadda jirgi ba ya sauka a cikinta, mota kuma ba ta lodi. Aikinta sauraro ne kawai. Tana da babbar eriya mai siffar akushi wadda ake juyawa ta fuskanci yamma, wajen Tekun Atlantika, duk ranar da Turawa za su harba roka daga Kourou, a yankin Guyana na Faransa da ke gaɓar Amurka ta Kudu. Bahaushen da ke saye da sayarwa a kasuwar Mont-Bouët, ko ɗan'uwansa na Bitam da Oyem wanda kakanninsa suka iso arewacin Gabon ta hanyar fatauci, yana iya ƙare rayuwarsa bai san da zaman wannan tasha ba. Amma shekaru da dama rokokin Ariane masu ɗauke da taurarin ɗan'adam na sadarwa suna ratsa sararin samaniyarta suna ba ta labarin lafiyarsu.

Dalilin kafa ta a nan ba ɓoyayye ba ne. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, kuma a kan layin Ikwaita gudun wannan juyi ya kai kimanin kilomita 1,670 a awa ɗaya. Wanda ya harba roka daga kusa da layin, ya fuskantar da ita gabas, ya sami wannan gudu kyauta. Kourou tana digiri 5 ne arewa da layin, Libreville kuwa ko rabin digiri ba ta kai ba. To amma duniya ƙwallo ce, saƙon rediyo irin na roka kuma miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi doron ƙasa. Da zarar roka ta yi nisa sai ta faɗa bayan ganin eriyar Kourou. Saboda haka aka jera tashoshi kamar zangon fatake: Natal a Barazil, tsibirin Ascension a tsakiyar teku, Libreville, sannan Malindi a gaɓar Kenya. Kowace takan karɓi rokar daga hannun ta bayanta, ta saurare ta na 'yan mintoci, ta miƙa wa ta gaba. A tashin da aka saba a zamanin Ariane 5, Libreville takan fara jin rokar kimanin minti 18 bayan barinta ƙasa.

A daren Alhamis 25 ga Janairu 2018, da ƙarfe 11:20 agogon Libreville, wata Ariane 5 ta tashi daga Kourou ɗauke da taurari biyu. Bayan minti 9 da daƙiƙa 26 sai saƙonta ya ɗauke. Natal ba ta kama ta ba, kuma shirun ya ci gaba har ƙarshen aikin injinan rokar, wato zangon Ascension da na Libreville da na Malindi duk sun wuce ba labari. Rokar ba ta fashe ba, injinanta ba su mutu ba, eriyoyin ma lafiyarsu lau. Suna kallon inda aka ce musu za ta bi ne, ita kuwa tana can wani wuri dabam. Ba za a fahimci abin da ya faru a wannan dare ba sai an koma shekara 22 baya, ga tashin farko na wannan roka, domin ɓarnar biyu daga akwati ɗaya suka fito.

Kafin nan, ga kalmomi biyu da za su riƙa maimaituwa. Kwamfutar da muka saba gani tana da allo da madannai, mutum yana zaune gabanta. Akwai kuma wata iri wadda aka binne a cikin wata na'ura, ba ta da allo, ba ta da mai zama gabanta, aiki ɗaya ta sani: ita ce ke cikin mitar wuta, da injin POS, da inbatar sola, da birkin mota. A wannan rubutu za mu kira ta kwamfutar ciki, umarnin da aka rubuta aka ɗura mata kuma manhajar ciki. Bambancinta da manhajar wayar hannu shi ne, idan ta yi kuskure babu wanda zai kashe ya sake kunnawa. Kafin mutum ya lura, bawul ya riga ya buɗe ko injin ya riga ya karkata.

Daƙiƙa arba'in na 1996

Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba Ariane 5 ta farko, tashin da aka yi wa lamba 501. Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta shafe kusan shekara goma tana gina ta. An ɗora mata taurari huɗu masu suna Cluster, waɗanda aka ƙera domin nazarin yadda iskar rana ke karo da maganaɗisun duniya. Komai ya tafi daidai har daƙiƙa 36. A ta 37, tana kimanin mita 3,700 a sama, sai bakunan injinanta suka karkata gefe guda har iyakarsu. Rokar ta juya ta ba iska haƙarƙari, ƙarfin iska ya fara ɓalle manyan rokokin gefe biyu daga jikinta, tsarin tarwatsa kai ya tashi. Tarkacenta ya watsu a fadama da dajin gaɓar teku, a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 12. Ko kusa ba ta kai inda wata tasha ta ƙetaren teku za ta ji ta ba.

Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Jacques-Louis Lions, masanin lissafi wanda ya taɓa shugabantar hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES. Kwamitin ya miƙa rahotonsa ranar 19 ga Yuli, mako shida kacal bayan hatsarin. Rahoton gajere ne, kuma har yau ana karantar da shi ga masu koyon injiniyancin manhaja, domin ya bi sawun ɓarnar ɗaki-ɗaki daga fashewar zuwa layin umarni ɗaya. An yi sa'a an tsamo akwatunan da ake zargi daga cikin tarkace, an karanta abin da suka ajiye a ƙwaƙwalwarsu.

Akwatin shi ne abin da za mu kira na'urar sanin alƙibla. Roka ba ta da taga, ba ta da direba. Wannan na'ura ce ke auna kowace karkata da kowane ƙarin gudu, ta lissafa inda rokar take da inda ta dosa, ta aika wa babbar kwamfutar roka, ita kuma ta juya bakunan injina. Saboda muhimmancinta an sa guda biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana jiran ko-ta-kwana. Ba sabuwa ba ce: an gado ta, da manhajarta kusan gaba ɗaya, daga Ariane 4, rokar da ta fara tashi a 1988 ta kuma yi suna wajen aminci. A idon injiniyoyin wancan lokaci wannan hikima ce. Me zai sa a taɓa abin da ya yi shekaru yana aiki ba tangarɗa?

A cikin manhajar akwai wani sashe da ke daidaita na'urar tun roka tana tsaye a ƙasa, ya nuna mata ina ne sama, ina ne arewa. Da zarar an tashi ba shi da sauran amfani. Amma a Ariane 4 an bar shi ya ci gaba da gudana na kimanin daƙiƙa 50 bayan an shiga yanayin tashi, saboda wani dalili mai ma'ana: idan aka dakatar da ƙidaya a 'yan daƙiƙun ƙarshe, ba sai an sake ɓata minti 45 ko fiye ana daidaitawa daga farko ba. Sau ɗaya aka ci moriyar wannan dabara, a 1989, a tashi na 33. Ariane 5 tana da nata tsarin shiri dabam, ba ta buƙatar dabarar ko kaɗan. An bar sashen ne kawai domin kada a taɓa abin da ke aiki.

A cikin wannan sashe mara amfani ne ake ɗaukar wata lamba mai alaƙa da gudun roka a kwance, wadda ke zaune a ma'aji mai gurbi 64, a zuba ta a ma'aji mai gurbi 16. Ma'aji mai gurbi 16 ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 32,767. Misalinsa kamar mai juye hatsi ne daga buhu zuwa mudu: muddin abin da ke cikin buhun bai kai mudu ba, babu wanda zai san akwai matsala. A Ariane 4 bai taɓa kaiwa ba. Ariane 5 kuwa ta fi ƙarfi, hanyar tashinta dabam ce, gudunta a kwance yana hauhawa ninki biyar fiye da na yayarta. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Lambar ta cika mudu ta zube.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a rahoton shi ne, ba mantuwa aka yi ba. Tun a zamanin Ariane 4 injiniyoyi sun zauna sun gano wurare bakwai da irin wannan ambaliya za ta iya faruwa. Suka sa kariya a huɗu, suka bar uku, domin an ƙayyade musu kada aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, kowace kariya kuma tana cin lokaci. Hujjarsu ita ce waɗannan ukun ba za su taɓa girma har su cika ma'ajin ba. Hujjar gaskiya ce game da Ariane 4. Sai dai sharaɗin da ta dogara a kai bai fito fili a takardun da suka bi na'urar zuwa sabuwar roka ba, kuma ba a sa bayanan hanyar tashin Ariane 5 cikin ƙa'idojin da aka ce na'urar ta cika ba. An gaji amsa, ba a gaji tambayar da ta haife ta ba.

Daga nan sai kuskure na biyu ya hau kan na farko. Ƙa'idar da aka ba na'urar ita ce, idan ta ci karo da wata matsala ta sanar, ta rubuta abin da ya faru a ƙwaƙwalwarta, ta kashe kanta. Tunanin da ke bayan wannan ƙa'ida tunanin masu ƙarfe da waya ne: kayan aiki sukan lalace jefi-jefi, ba tare da shiri ba, don haka idan ɗaya ya sami matsala gara ya kauce ya ba na biyu wuri. Wannan daidai ne idan waya ce ta tsinke. Amma na'urorin biyu manhaja ɗaya suke ɗauke da ita, lamba ɗaya suke lissafawa, a lokaci ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hasali ma ta jiran ko-ta-kwana ce ta fara mutuwa, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, sannan mai aikin ta bi ta. Kafin ta mutu ta aika da bayanin ciwonta zuwa babbar kwamfuta, ita kuwa ta ɗauki wannan bayani a matsayin lissafin alƙibla, ta ga kamar rokar ta kauce ƙwarai, ta karkata injina domin gyara kaucewar da babu ita. Rokar tana kan hanyarta daidai lokacin da aka kashe ta.

Saura tambayar gwaji. Akwai ɗakin da ake haɗa kayan lantarkin roka a gwada su tare, kamar ana tashi. Amma a wannan ɗaki ba a sa na'urar sanin alƙibla ta gaske ba, an maye gurbinta da manhajar da ke kwaikwayon abin da ya kamata ta faɗa. Kwaikwayon kuwa ba ya ɗauke da aibin na gaskiyar. Bayan hatsarin, da aka ɗura wa manhajar na'urar bayanan hanyar tashin 501, sai ta mutu kamar yadda ta mutu a sama. Zuwa da kai ya fi saƙo. Gwajin da zai tona asirin yana nan, mai yiwuwa ne, ba a dai yi shi ba sai da aka yi asarar da ake ƙiyasta ta da dala miliyan 370.

Abin da ya sauya

Kwamitin Lions bai nemi wanda za a rataya wa laifi ba, kuma a ganina wannan ne ya sa rahoton ya yi tsawon rai. Ya kawo shawarwari 14. Daga ciki: kada wani sashe na manhaja ya gudana lokacin tashi sai in ana buƙatarsa; kada na'urar awo ta yi shiru gaba ɗaya, ta ci gaba da aiko iyakar abin da take iya aunawa; a gina wurin gwaji da kayan gaske gwargwadon iko, a ciyar da su bayanai irin na tashin gaske; a tono duk wani zato da manhaja ta dogara a kai ba tare da an rubuta shi ba; a ba takardun hujja kulawa irin wadda ake ba umarnin kansa; a kuma gayyato mutanen waje su zauna a bitar aiki. Ruhin rahoton shi ne a daina ɗaukar manhaja a matsayin mai gaskiya har sai an kama ta da laifi, a ɗauke ta mai aibi har sai an tabbatar da akasin haka.

Wani reshe na gyaran ya fito daga inda ba a zata ba. Tun 1977 wasu masana biyu a Faransa, Patrick Cousot da matarsa Radhia Cousot, suka shimfiɗa wata hanyar lissafi ta tantance manhaja ba tare da an kunna ta ba. Gwaji yana nuna abin da ya faru da lambobin da aka gwada ne kawai. Hanyar su Cousot kuwa tana tambaya ne: a duk hanyoyin da wannan umarni zai iya bi, mene ne mafi girma da mafi ƙanƙantar abin da zai iya shiga wannan ma'aji? Kusan shekara ashirin ana kallon wannan a matsayin ilimin jami'a. Bayan hatsarin 501 sai aka nemi masu bincike na cibiyar INRIA, cikinsu har da Alain Deutsch, su bi manhajar Ariane 5 da irin wannan awo. Daga wannan aiki aka kafa kamfanin PolySpace a 1999, wanda MathWorks ya saya a 2007. A 2003 kuma wata manhajar tantancewa mai suna Astrée, wadda ƙungiyar su Cousot ta gina a Paris, ta tabbatar da cewa babu irin wannan ambaliya ko makamanciyarta a cikin layi 132,000 na manhajar sarrafa tashin jirgin Airbus A340. Masu ƙera motoci a Ingila ma, ta tasu hanyar, sun fitar da ƙa'idojin MISRA C a 1998, dokoki 127 da ke hana mai rubuta manhajar ciki amfani da sassan harshen C masu santsi.

Ita kanta rokar ta farfaɗo a hankali. Tashi na biyu, ranar 30 ga Oktoba 1997, bai kai inda aka nufa sosai ba. Na uku, a Oktoban 1998, ya yi nasara. An sake ƙera taurarin Cluster, rokokin Soyuz na Rasha suka kai su sama a Yuli da Agustan 2000. A Disamban 2002 an sake yin asarar wata Ariane 5, wannan karon saboda bakin injin da ya kasa jure zafi. Daga 2003 kuwa sai nasara ta bi nasara har sau 82 a jere. Shekara goma sha biyar tashar Libreville tana juya eriyarta yamma, rokar tana ɓullowa a inda aka ce, a lokacin da aka ce.

Digiri ashirin

Tashin 25 ga Janairu 2018, mai lamba VA241, yana ɗauke da SES-14 na wani kamfanin Luxembourg da Al Yah 3 na kamfanin Yahsat na Abu Dhabi. Da shirun ya yi tsawo, shugaban Arianespace, Stéphane Israël, ya tashi gaban baƙi ya sanar cewa an rasa hulɗa da rokar, ya ba abokan cinikinsa haƙuri. Can daga baya cikin dare sai aka ji taurarin biyu suna magana. Suna raye, suna kewaya duniya, amma a karkace: an so kewayensu ya karkata da digiri 3 daga layin Ikwaita, sai ga shi ya haura 20. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. Dukansu sun kai mazauninsu da ƙarfin injinansu, sai dai Al Yah 3 ya ƙona wani kaso na man da aka tanadar masa domin shekarun aikinsa.

Kwamitin bincike ƙarƙashin Toni Tolker-Nielsen, babban sufeton Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, ya fitar da sakamakonsa a watan Fabrairu. Akwatin dai shi ne na 1996, kuma sashen aikin ma shi ne: daidaita na'urar sanin alƙibla kafin tashi. Ana ba na'urorin biyu wata kusurwa da za su ɗauka a matsayin mafari. A yawancin tashin da ke kai taurarin sadarwa, kusurwar digiri 90 ce. Wannan tashi yana da buƙata ta musamman, digiri 70 ya kamata a sa. Aka sa 90. Sabo turken wawa. Tun daga daƙiƙun farko rokar ta kauce kudu da digiri 20, tana kuma da yaƙinin cewa tana kan hanya, domin duk lissafinta daidai yake bisa mafarin da aka ba ta. Ba a kama kuskuren ba a duk matakan duba da aka saba bi kafin tashi.

A nan ne nake ganin darajar haɗa labaran biyu. Duk gyaran da aka yi bayan 1996 ya yi aikinsa a wannan dare. Babu ma'ajin da ya cika ya zube, babu na'urar da ta kashe kanta, manhajar ta yi abin da aka rubuta mata ba ragi ba ƙari. Manhajar tantancewa irin Astrée ba za ta ga laifin 90 ba, domin 90 lamba ce halattacciya, ta shiga ma'ajinta ta zauna lafiya. Na'urori biyu kuma ba su tsinana komai ba, tunda daga takarda ɗaya aka ɗura musu lambar. An tsare ƙofar umarni, ɓarawo ya shigo ta ƙofar saiti. Asalin ciwon bai sauya ba: wani abu da ya kasance gaskiya a tashin jiya an ɗauke shi gaskiya a na yau ba tare da an sake tambaya ba. Shawarar kwamitin ta karkata ne ga wannan, wato a ƙarfafa yadda ake shirya da tantance bayanan kowane tashi, a kuma ƙara gwajin da zai kwatanta saitin da aka ɗura da hanyar da aka tsara. Ariane 5 ta koma aiki ranar 5 ga Afrilu 2018.

Ba Turawan Yamma kaɗai abin ya sama ba. Wata biyu kafin wannan dare, ranar 28 ga Nuwamba 2017, Rasha ta yi asarar tauraron yanayi Meteor-M da wasu ƙanana 18 a wani tashi daga sabon filin Vostochny, kuma mataimakin firaminista Dmitry Rogozin ya fito ya ce an tsara lissafin ne kamar daga tsohon filin Baikonur za a tashi. Ɓangaren ƙarfe da waya ma yana da nasa kason. A Yulin 2013 wata rokar Proton ta kifa jim kaɗan bayan tashi saboda an ɗaura na'urorin auna juyi a kife. A Nuwamban 2020 rokar Vega ta Turai ta ɓata da taurari biyu domin an sauya wa wayoyi biyu wuri a wajen haɗa abin da ke juya bakin injin. Darasin masu ƙera kaya daga irin waɗannan tsoho ne: kada a dogara ga kulawar mai ɗaurawa, a ƙera soket ɗin yadda ba zai shiga ba sai ta fuskar da ta dace, kamar yadda katin waya yake da yankakken kusurwa ɗaya. Ariane 5 ta yi tashinta na ƙarshe, na 117, ranar 5 ga Yuli 2023, bayan ta kai madubin hangen nesa na James Webb sama a Disamban 2021.

Mudun da ke jikin bango

Mai karatu a Kano ko Zariya yana iya cewa wannan duk labarin masu kuɗi ne da rokokinsu. To, ya dubi mitar wuta mai kati da ke jikin bangon gidansu. Yawancin irin waɗannan mitoci a Afirka suna bin wata ƙa'ida mai suna STS, wadda ta samo asali daga Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. Lambobi 20 da mutum ke saya ya danna suna ɗauke da adadin wutar da ya biya, suna kuma ɗauke da lokacin da aka fitar da su, domin mita ta gane tsohon kati ta ƙi karɓarsa sau biyu. Ana ƙidaya wannan lokaci ne da minti, a ma'aji mai gurbi 24, kuma a da daga 1 ga Janairu 1993 ake fara ƙidayar. Irin wannan ma'aji yana ɗaukar minti 16,777,216, wato shekara 31 da kusan wata 11. Ranar cikarsa ita ce 24 ga Nuwamba 2024. Da ba a yi gyara ba, bayan wannan rana ƙidaya za ta koma sifili, sabon kati ya zama kamar wanda aka fitar a 1993, mita ta ƙi shi, gida ya zauna a duhu da kuɗinsa a hannu.

Ciwon 501 ne sak, buhu da mudu. Bambancin shi ne a nan an san girman mudun, an rubuta shi a cikin ƙa'idar, an lissafa ranar cikarsa, an kuma yi shekaru ana shela. An tanadi hanyar gyara manhajar ciki ba tare da an cire mita daga bango ba: kamfanin wuta ya ba mai gida wasu lambobi na musamman, jeri biyu masu 20 kowanne, ya danna su bi da bi, mita ta sauya makullinta ta goge tsohon lissafi ta koma ƙidaya daga sabon mafari. Wannan ne sabunta mita da hukumar NERC da kamfanonin rarraba wuta na Najeriya suka yi ta kira a kai a 2024, kamar yadda aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da sauran ƙasashe. Ba a faɗaɗa ma'ajin ba, gurbinsa 24 ne har yanzu. Mafarin kawai aka matsar zuwa 1 ga Janairu 2014, don haka zai sake cika ranar 24 ga Nuwamba 2045.